Kan Ragon Ɗanjuma

Duk cikin ɓarayin dabbobin ƙasar Damagaram babu wanda ya kama ƙafar Ɗanjuma. Da rana tsaka yake koro tumakin ƙauye, lokacin da masu su suke gona, ya kai kasuwa mai nisa ya sayar. Ba abokin aiki, ba mata, bai taɓa gaya wa kowa cikinsa ba. Shi ya sa ba a taɓa kama shi ba, shi ya sa kuma yake cin tuwonsa shi kaɗai a ɗakin haya a unguwar Kara-Kara.

Babbar Sallah ce ke ci masa rai. Maƙwabta su tsire raguna a jikin itace, su jera su kewaye da wuta a ƙofar gida, ana juya nama ana raha. Washegari kwanukan rabo su yi ta kai da komo tsakanin gidaje, suna wuce ƙofarsa. Wa zai aika wa mutumin da bai taɓa aikowa ba?

Bana sai ya ware rago ɗaya cikin waɗanda ya koro daga ƙauyen Dogo, wai shi ma zai yi layya. Da ya yanka, fatar dai ya binne ta kada a gane ragon, don ya san aikinsa. Ya kai ragonsa bakin wuta, aka matsa masa wuri a tabarma, har wani ya kira shi maigida. Daɗi ya kwashe shi. Da ya ga kowa na tura kan ragonsa cikin gida mata su dafa, sai ya ɗauki nasa ya kai wa Indo, tsohuwar da ke gaishe shi kullum da safe.

Washegari ya raba nama gida-gida, bakinsa har kunne. Yana dawowa ya tarar da Indo tsaye riƙe da kan, ko babbaka shi ba ta yi ba.

"Malam Ɗanjuma, a ina ka sayi ragon nan?"

"A kasuwar Mirriya, Inna."

Ta ɗaga kunnen ragon. "Wannan tsagar shaidar gidan ubana ce, a Dogo. Ƙanena har yau neman tumakinsa yake."

Da ya so gudu, da ya gudu. Sai ya zauna a bakin ƙofa. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kwanuka suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane gida ya maido masa namansa.

Jandarmomi a nan suka same shi, kwanuka kewaye da shi. Tun da ya zo unguwar, ranar ce aka fara aiko masa da kwano.