Minti Ukun Zacharias

Duk wanda ya san layin masu gyaran giyar mota a Apo da ke Abuja ya san ba a neman Zacharias da sha biyun rana. Ko da giyar tana rataye a sarƙa, ko mai motar na tsaye yana huci, da agogon hannunsa ya yi ƙara sai ya ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma, ya cire hula ya sunkuyar da kai. Addu'ar Anjelus ke nan, wadda 'yan Katolika ke yi safe da rana da yamma don tuna albishir ɗin da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Ba ta fi minti biyu zuwa uku ba, amma shekara ashirin da shida ba ta taɓa wuce shi ba. Ya ɗauki alkawarin ne a ƙofar ɗakin tiyata, ranar da likitoci suka ce matarsa Catherine sai dai addu'a. Catherine ta tashi, ga ta can Jikwoyi tana sayar da garin rogo, shi kuwa ya riƙe alkawari gam. Fadan cocinsu ma ya taɓa ce masa idan aiki ya rutsa da shi ba laifi ya jinkirta. Zacharias ya ce ai ba da Fada ya yi alkawarin ba.

Shafi'u, mai gyaran wayoyin mota, shekara goma sha tara suna rumfa ɗaya. Addu'ar ba ta taɓa damun sa ba, tunda shi ma idan ya tafi azahar Zacharias ke tsare masa kaya. Abin da ya ishe shi daban ne, wato zancen kuɗi.

Zacharias ba son kuɗi yake ba, gyara su yake son yi. Wani tsohon Fada ne ya soma ba shi takardu kan koyarwar coci, cewa arzikin ƙasa Allah ya yi shi ne don kowa ya ci. Daga nan mutumin ya kama karatu har ya ƙure tsohon. Ran Asabar su shida ne ke taruwa a falonsa, su ja carbinsu na rosari, sannan su zauna nazarin yadda ake ƙirƙirar kuɗi. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci yana bakin ƙofa yana raba takardun da ya buga da guminsa. Sauran ranakun mako kuma kunnen Shafi'u ne ke shan wahala.

"Malam Shafi'u, dubi waccan motar," haka yake farawa. "Wata nawa tana nan?"

"Huɗu. Jiya ma ka tambaye ni."

"Mai ita yana son ta. Kayan gyaran suna shagon can suna tsatsa. Ga ni ga ka, muna zaune. To mene ne babu?"

"Takarda," Shafi'u ya ce, ko kai bai ɗago ba. "Ranka ya daɗe gwamnan babban bankin Apo, miƙo mini filaya."

Zacharias ba ya jin haushin tsiya. Sai ya miƙa filayar ya ci gaba: kuɗi ba arziki ba ne, tikiti ne na karɓar abin da mutane suka noma ko suka ƙera. Idan kaya sun ƙaru, tikiti ya ƙaru daidai da su. Kuma sabon kuɗi kada ya shigo duniya a matsayin bashi da ruwa a kansa, a raba shi kowa ya samu ɗan rabonsa, har tsohuwar da ba ta iya fita. Shafi'u ya ji wannan da rani, ya ji da damina, ya ji har yana gyangyaɗi bayan cin abinci. Amma a ransa yana ganin girman mutumin. Bai taɓa ganin ya cire wa mota kaya mai kyau ya sa tsoho ba, kuma a Apo wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shekara goma sha ɗaya Zacharias yana rubuta wa hukumomi wasiƙu, ko amsa ɗaya. Sai bana wani kwamiti da aka kafa don jin ra'ayin jama'a kan dokokin kuɗi ya aiko masa da takarda: ranar Talata, ƙarfe goma da rabi, minti uku. Ya karanta ta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya sumbaci ɗan gicciyen da ke wuyansa. Mako biyu yana gwaji, Shafi'u na riƙe masa agogo. Shafi goma sha biyu ya matse ya mayar ɗaya da rabi, kowane layi da ya yanke kamar haƙori ake cire masa.

Ranar Talata gwiwar Catherine ta hana ta fita. Ita ta goge wa Zacharias kwat, ta rako shi da Shafi'u bakin ƙofa tana ɗingishi.

"Malam Shafi'u, ga amanata nan," ta ce. "Idan ya soma dogon zance ka ja masa riga."

Sun isa zauren tun tara da rabi. Amma taron Abuja ne, manya ba su zauna ba sai sha ɗaya saura kwata. Shugabar kwamitin, wata Hajiya mai gilashi da ba ta da alamar wasa, ta ce sha biyu da rabi za su tashi, kuma wanda aka kira bai taso ba an wuce shi ke nan. A gefenta wani jami'i na riƙe da agogo da ƙararrawa. Masu kwat daga bankuna suka yi ta hawa suna sauka. Wani ya roƙi a mayar da shi ƙarshe saboda takardunsa ba su iso ba, nan take aka soke sunansa.

Zacharias shi ne na goma sha huɗu. Da aka kira na goma sha biyu, Shafi'u ya dubi agogon bango, ya yi lissafi, ya ga sha biyu za ta riski Zacharias a gaban lasifika.

"Oga Zaka," ya raɗa masa, "ba ni agogonka in riƙe maka."

"Don me?"

"Ka san don me. Yau ɗaya dai. Fada ma ya ce ba laifi. Ka gama naka, mu fita waje ka yi har sau goma, ni zan tsare maka ƙofa."

Zacharias ya yi murmushi ya dafa masa gwiwa. Shafi'u ya ji kamar ya shaƙe shi. Wallahi akwai taurin kan da ba a samun maganinsa a kemis.

Sha biyu saura minti ɗaya aka kira sunan Zacharias. Ya tashi ya gyara kwat, ya taka har gaban lasifika, takardar a hannunsa. Jami'in ya danna agogo. Zacharias ya gaida shugaba da Turancinsa na tsohon ɗan mishan, ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya karanta layin farko, ya shiga na biyu. Sai agogon hannunsa ya yi ƙara, lasifika ta ɗauka ta watsa wa duk zauren.

Ya tsaya. Shafi'u ya ga ya dubi takardar kamar mai kallon ɗansa a tashar mota.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni," ya ce. "Lokacin addu'ata ya yi."

Ya ajiye takardar, ya ja baya taku biyu, ya yi alamar gicciye ya sunkuyar da kai.

Aka soma gunaguni, wani daga baya ya yi dariya. Jami'in ya dubi Hajiya, ita kuwa ta ce doka ɗaya ce ga kowa, agogo ya ci gaba. Shekara goma sha ɗaya na wasiƙu, ga su nan suna zubewa a gaban lasifikar da babu kowa. Takaici ya cika Shafi'u, tausayi ya biyo baya, bai san lokacin da ya miƙe ba. Sai ganin kansa ya yi a gaba, da tsohuwar jamfarsa da baƙin mai a farce.

"Malam, kai kuma wane ne?" in ji Hajiya da Hausa.

"Ranki ya daɗe, maƙwabcinsa ne ni a wurin aiki. Lokacinsa ne ke tafiya. A ba ni aro."

Ta sauke gilashi ta dube shi, ta dubi mai addu'a. "Saura minti biyu. Bismillah."

Bai taɓa takardar ba, don Turancin ya fi ƙarfinsa. Ya buɗe baki kawai, sai ga zance yana fita a jere kamar ya haddace a allo.

"Akwai mota a rumfarmu, wata huɗu tana tsaye. Mai ita direban haya ne, 'ya'yansa biyar. Kayan gyaranta suna shago, tafiyar minti ɗaya. Mu masu gyara muna zaune muna korar ƙuda. Babu abin da ya ɓace a ƙasar nan, ranki ya daɗe, ƙarfe yana nan, hannu yana nan, buƙata tana nan. Takardar da za ta haɗa su ce babu. Idan kuma za a ba direban takardar, sai an ce ya dawo da fiye da abin da aka ba shi, to ƙarin daga ina zai samo? Wannan bawan Allah cewa yake, ku ƙirga abin da ƙasa ke samarwa, ku fitar da kuɗi daidai da shi ba tare da ruwa ba, ku ba kowa rabonsa. Ni Musulmi ne, shi Kirista, amma a kan ruwa dai ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

Gunagunin ya mutu. Hajiya ta ja biro tana rubutu, na kusa da ita ya matso tana fassara masa a hankali.

A bayansa Shafi'u ya ji an ce amin ƙasa-ƙasa. Ya juya da sauri. Zacharias ya ɗago kai, idonsa jajir. Jami'in ya ɗaga hannu ya ce saura sakan arba'in.

"Zo, Oga Zaka," Shafi'u ya ce yana matsawa gefe. "Zo ka ƙarasa abinka. Maza."

Sakan arba'in ya isa mutum ya karanta sakin ƙarshe, wanda ya fi so, wanda ya kwana biyu yana gyarawa. Zacharias ya dubi takardar, ya dubi lasifikar da ya yi shekaru yana mafarkin tsayawa a gabanta. Sai ya ɗauki takardar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kama kafaɗar Shafi'u ya mayar da shi inda yake.

"Ci gaba, Malam Shafi'u," ya ce. "Suna jin ka."

Shafi'u ya juya ga kwamitin. Ya gyara tsayuwa. Sannan ya soma maganar tsohuwar da ba ta iya fita, hannun Zacharias na nan a kafaɗarsa.