Igiyar da Aka Saki

Da na ga Issa, abokin ɗana, ya iso bakin rijiya da butar shayi a hannu ɗaya, salula a ɗayan, gabana ya faɗi. Wanda zai riƙe igiyar da ran mutum ke rataye a kanta ba ya zuwa da hannuwa cike. Jikina ya ba ni ranar ba za ta ƙare lafiya ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Ɗan Kassari. Tun bayan girbin gero famfonmu mai aiki da hasken rana ya tsaya. Rabo, shugaban kwamitin ruwa, kullum amsarsa ɗaya ce: an aika wa mai gyara a Dogon Dutsi, yana nan tafe. Ya faɗa, ya gyara zama a tabarmarsa. Dole mata suka koma tsohuwar rijiya mai zurfi da aka yi watsi da ita, guga yana fitowa rabi ruwa rabi laka. Sai an yashe ta.

Mubarak ne ɗana na fari. Ya gama koleji, aiki bai samu ba, ya shiga fadar samari, wato bencin nan na gindin bishiyar bedi inda su Issa ke wuni suna dafa shayi da gardamar banza. Zaman nan ya daɗe yana hana ni barci. To ran nan ya ga uwarsa A'i tana tace ruwa da ɗankwalinta, ya ce, "Inna, bari hakanan. Ni za ni shiga rijiyar, 'yan fada su riƙe mini igiya."

Na ji daɗi, na kuma ji tsoro.

*

Yasar rijiya igiya biyu gare ta. Ɗaya ta guga, mai fito da laka. Ɗaya a ƙugun mai shiga. Muryar mutum ba ta fitowa sosai daga irin wannan zurfi, saboda haka da igiyar ƙugu yake magana. In numfashi ya fara yi masa wuya, sai ya fizge ta, a jawo shi nan take. Shi ya sa ko ya taka ƙasa ba a sassauta ta. Tana nan a miƙe, a hannun mutum, har ya fito. Kowane yaro a garin ya san haka.

Aka zura fitila don a gwada iskar ciki, ta sauka ba ta mutu ba. Aka ɗaura wa Mubarak igiya. Na matsa na kama ta da hannuna biyu, a gaban samarin.

Rabo ya kwashe da dariya daga inuwa. "Kai, Bilal! Yau mi muka gani? Uba shina riƙon igiyar ɗan fari gaban jama'a? Ina kunyar taka?"

"Halama goya shi za ya yi in ya hito," in ji wani dattijo.

Aka yi ta dariya, har mata. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya nuna damuwa da shi a idon mutane.

Issa ya ajiye butarsa ya karɓi igiyar. "Baba, je ka huta. Mu nawa ne nan? Ko sa ne ciki muna hiddo shi."

Na saki. Na je na zauna cikin dattawa, na juya wa rijiyar baya yadda ake son uba ya yi.

Laka ta yi ta fitowa, baƙa, mai wari. Rana ta ɗaga. Rabo yana ba da labarin tsadar taki, ni kuwa kunnuwana suna bayana. Can na ji ihun samari, irin na murna. Kokawa ake nunawa a salula, wani ya kusa kai wani ƙasa.

Sai muryar A'i, wadda ta zo da fura. Tun da ta haifi yaron nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ranar duk garin ya ji.

"Mubarak! Wa ke riƙe da Mubarak?"

Na waiwaya. Samarin duka suna gindin bedi, kawuna a haɗe a kan salula, kofin shayi yana zagayawa. Igiyar ƙugu tana kwance a ƙasa, bakinta a ɗaure sako-sako a jikin turke, ragowarta tana silalewa cikin rijiya a hankali, babu hannun kowa a kanta.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na ja, na ja, igiya tana ta zuwa babu nauyi. Duk fizgar da yaron ya yi yana kira, igiyar ce ke bin sa ƙasa. Da nauyinsa ya zo hannuna, nauyin buhu ne, ba na mai motsi ba.

Muka fito da shi kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi. Iskar da ke kwance cikin lakar ce ta taso masa. Tafukan hannuwansa duk sun saɓule.

*

A amalanken jaki muka kai shi Ɗan Kassari, daga nan mota ta wuce da mu asibiti a Dogon Dutsi.

'Yan dubiya suka biyo mu, Rabo a gaba da sabuwar hula, Issa a bayansa yana kallon ƙasa. Muka tsaya a barandar ɗakin majinyata.

"Bilal, sai haƙuri," in ji Rabo. "Abin da Allah ya rubuta ba a tsallake shi."

"Allah ya rubuta a ɗaure ɗana a turke kamar akuya, a tafi shan shayi?"

"Yi a hankali, mutane na ji."

"Su ji! Jin mutane ne ya raba hannuna da igiyar nan."

Issa ya durƙusa. "Baba, wallahi na aza Yasir, ɗan fadarmu, na riƙe."

"Shi Yasir mi ya ce?"

"Ya ce ya aza ni ne."

Na dubi Issa, ƙato mai ƙirji kamar ƙofa. Ba a ce ya yi noma ba, ba a ce ya shiga rami ba. Tsayuwa kawai aka ce ya yi da igiya a hannu, ita ma ta fi ƙarfinsa.

Rabo ya ja ni gefe, ya rage murya. "Dattawa sun ce in roƙe ka, kada maganar ga ta kai ga jandarma. Duk ɗiyanmu ne. Kuma albishirinka, mai gyara ya zo, ruwa ya dawo."

"Mi ya lalace?"

Ya sosa ƙeya. "Ashe ba wani abu ba ne. Waya ce guda ta kwance, ya ɗaure ta."

Hannuna ya ɗaga da kansa zai kai masa mari. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage hayaniya, akwai marasa lafiya. Na sauke hannun, na koma ciki ban yi musu sallama ba.

*

Yanzu Mubarak yana numfashi da kansa. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon rufin ɗaki. A'i tana zaune a gefen gado da tsinke, tana cire lakar da ta bushe a ƙarƙashin faratan ƙafarsa. In ta yi masa magana ba ya juyowa.

Da safe na tare likita a bakin ƙofa, na tambaye shi ko yaron yana jin mu, ko zai tashi ya gane uwarsa. Ya ce ya danganta da daɗewar da ya yi a ƙasa babu iska. Ya tambaye ni tsawon lokacin.

Ban sani ba. Babu wanda yake kallo, saboda haka babu wanda ya sani.