Ranar da Ruwaida Ta Zauna

Iyatu na ɗaga labulen ɗakin asibitin ta tarar Abdulgaffar ya sake fizge allurar ƙarin ruwa. Yana tsaye jikin taga da kumburarren hannunsa, yana tambayar wani mai rago a waje inda ya samo shi.

"Baban Ruwaida, don girman Allah ka kwanta."

"Yaya Iyatu, gadon nan cizo yake yi."

"Kai ne mai cizon. Kwanta!"

Ya kwanta, amma ƙafarsa ba ta daina kaɗawa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Amrigebe, kuma tun yana yaro ta san shi haka. Mahauci ne a mayankar Farsha, yakan gama fiɗar sa kafin wani ya gama wasa wuƙa. Sai dai ya manta wuƙar a kan babur, ya manta babur a ƙofar masallaci, ya dawo gida a ƙasa yana ba da labari. Matarsa ta rasu ta bar masa Ruwaida, 'yar shekara tara, wadda ta kwaso shi kaf. Malaman lekwal, makarantar boko, sun gaji da dukanta, sun ce ta tafi gida.

Wuƙa ce ta yanke shi a tafin hannu, yana fiɗa yana kallon wasu na faɗa. Ya je asibiti, ya ga layi, ya juya. Da aka samo masa ƙwayoyi ya sha na rana ɗaya, ya manta inda ya ajiye sauran. Kafin a ankara dafin ya shiga jini. Unguwa ta ce ganganci ne, daman an san ƙarshensa ke nan.

Likitar da ta shigo matashiya ce, ba ta daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Ta mayar da allurar, sannan ta tsaya kallon Ruwaida, wadda ta hau ƙarfen gado, ta sauka, ta buɗe durowa, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Likitar ta yi tambayoyi da Faransanci, Iyatu na juyawa zuwa Hausa da ɗan abin da ta tsinta a firamare. Dauda, wan Abdulgaffar, dillalin shanu, yana zaune yana jan carbi.

"Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma rashin kunya ba," in ji Iyatu. "Abu ne a ƙwaƙwalwa, kuma ana gadonsa, uba ya ba ɗa. Wai wurin da ke riƙe linzamin hankali ne yake gyangyaɗi. A Faransa akwai magani, nan babu. Ta ce maganin ba ya sa barci, farkar da wurin yake yi."

Dauda ya yi dariya har carbin ya faɗi.

"Yarinyar da ba ta zama, ita za a ba maganin farkawa? Yaya Iyatu, Faransancinki ne ya juya zancen. Kalas, shi ke nan, mun ji akwai magani."

Abdulgaffar bai yi dariya ba. Karo na farko Iyatu ta ga ya kalli mutum ɗaya har ya gama magana. Da ɗakin ya rage su biyu ya kamo bakin mayafinta.

"Ashe abin yana da suna? Shekara arba'in ana ce mini ɗan iska. Yaya, ki riƙe ta. Ki riƙa kawo ta wurin matar nan. Kar ki bari Dauda ya gyara ta, na san irin gyaransa."

Ta ce to. Ta faɗa da gaske, ko da yake ta san ita maƙwabciya ce kawai, Dauda kuwa baffa ne.

Ranar Talata da la'asar ƙafar ta daina kaɗawa. Haushin da Iyatu ta ji ya fi kukan yawa. An gano sunan ciwon mutum yana bakin kabari, maganin kuma yana wata ƙasa, masu ta'aziyya kuma ba su fasa cewa marigayi bai da natsuwa ba.

Kwanan farko na zaman makoki Ruwaida ta zubar da buta, ta tsallake ƙafafun mata, ta tambayi liman ko an sa wa babanta matashi. Washegari Iyatu ta sami Dauda a zaure.

"Alhaji, ka bar mini ita. Amanar da ya ba ni ke nan. Likita ta ce in kawo ta, akwai dabarun da za a koya mata ko babu magani."

"Jininmu ce, Yaya. Magani kuma na samo, ba sai an je Faransa ba. Dokta shuku, mai tallar ƙwayoyi na bakin kasuwa, yana da shi, har ya fi na Turawa saurin aiki."

"Maganin barci ne wannan! Ba shi ta ce ba!"

"Ki shiga ki gani."

Ta shiga. Ruwaida na zaune a kan tabarma tsakanin mata, an ɗaura mata ɗankwali, ta ɗora hannuwa a cinya. Matan na shafa kanta.

"Masha Allah, mutuwar ta sa ta yi hankali."

"Allah ya saka wa Dauda, ya iya riƙon maraya."

Iyatu ta durƙusa gabanta, ta kira sunanta. Yarinyar ta ɗago a hankali, ta dube ta kamar daga nesa. Wani ƙuda ya sauka a gefen leɓenta, yana tafiya abinsa, ba ta kore shi ba.