Auren da Ofishin Filaye Ya Ɗaura

Gwaggona tela ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta da abokin faɗa kamar maƙwabcinta, wani tsohon direban babbar mota da shi ma matarsa ta rasu. Ita ta ce hayaƙin janaretansa ne ya sa mata tari, shi ya ce ruwan wankinta ne ke cin gindin katangarsa.

Da ofishin filaye ya kwashe tsofaffin takardu ya zuba a kwamfuta, sai filayensu biyu suka fito a haɗe, da sunan Direba "da maiɗakinsa". Gwaggo ta figi mayafi ta nufi ofishin tana huci. Shugaban sashen ya saurare ta yana hamma, ya ce kwamiti ya riga ya zauna ya tabbatar da rajistar, wanda bai yarda ba ga kotu can.

Da yake ni lauya ne, a kaina abin ya sauka. Na ce musu sai dai su shigar da ƙara tare.

"Ni da wannan?" in ji Gwaggo.

"Ai ni aka cuta, ɗana," in ji Direba. "Ina zaman zamana aka ƙaƙaba mini mata mai baki kamar keken ɗinki."

Aka yi ta ɗage zama. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan ofishin ya manta fayil. Su kuwa suna kan benci ɗaya a barandar kotu, tun suna juya wa juna baya har suka koma zagin ofishin tare. Gwaggo ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali da mutum mai yagaggen aljihu ba, ta ɗinka masa sabuwar riga. Shi kuma ya riƙa ɗauko ta a tsohuwar motarsa, wai don kada ta makara ta ja masa asara.

Ranar da aka saurari ƙarar, lauyan ofishin ya tasa Direba a gaba.

"Baba, wa ya ɗinka maka rigar nan?"

Direba ya nuna Gwaggo da haɓa.

"Wa ya kawo ta kotu yau?"

"Ni ne," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ka ɗaga murya mana!" Gwaggo ta daka masa tsawa daga inda take zaune. "Kuma ka daina sosa ƙeya. Ka ma sha maganin hawan jinin naka da safe?"

Kotu ta tuntsire da dariya. Lauyan ya buɗe hannuwa ya ce, "Ya mai shari'a, in wannan ba aure ba ne, ban san mene ne ba."

Alƙali ya goge tabarau. Ya ce mita ba shaidar aure ba ce, kuma kwamitin ya yanke hukunci bai ji ta bakin kowa a cikinsu ba. Ya soke rajistar, ya ba da umarnin a raba filayen.

A waje ni kaɗai nake murna. Direba ya tsaya yana jujjuya makullin mota.

"To, shi ke nan, an raba mu," ya ce.

Gwaggo ta shiga waige-waige. Can ta hango shugaban sashen nan na ofishin filaye yana saukowa daga bene, ta tare shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, sannu da haƙuri. Ashe tela ma tana iya kayar da babban ofis a zama guda? Bari in je in ba 'yan layinmu labari."

Mutumin ya cika ya yi fam. "Kar ki yi saurin murna. Za mu ɗaukaka ƙara!"

Na dafe kai. "Gwaggo, me kika yi haka? Kotun ɗaukaka ƙara fa a wani gari take. Tafiya ce ta wuni guda, kuma ba sau ɗaya ba."

"Na sani," ta ce, tana gyara mayafi.

Direba ya buɗe mata ƙofar gaba. "Bari gobe in kai a duba mini tayoyi," ya ce.