Dilar da Aka Fasa Ranar Talata

Jikana bakwaini ya zo, ana tsakiyar damina. Da aka miƙo mini shi sai da gabana ya faɗi, don wallahi tsawonsa bai wuce na ludayin miya ba. Da za a sallami 'yata Radiyya daga asibiti, ma'aikaciyar ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, yaron nan ba shi da maƙiyi sai sanyi. Uwar ta riƙa manna shi a ƙirjinta, a rufe masa kai da ƙafa. In jikinsa ya huce, to sai dai wani ikon Allah."

Kayan jarirai kam akwai su, akwati guda. Indo, yayar mijin Radiyya, ita ta jido su a kanti a Kano, sababbi fil a leda, sai ƙyalli da hoton zomo. Kayan yayi ke nan! Na sa masa mafi ƙanƙanta, ya nutse a ciki kamar an jefa gyaɗa a buhu. Ga santsi, ba ɗumi ko kaɗan. Na ja hannun wata riga zan naɗe, ɗinkin ya ɓare.

Na ce gwanjo zan tafi. Indo ta taɓe baki.

"Haba Inna Hansai! Ɗan fari guda a sa masa kwancen Turawa? Me za a ce da mu ran suna?"

"Ke Indo, bari ya kai sunan tukuna," in ji ni. Na ja mayafina na fita cikin yayyafi, raina a ɓace, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

Ranar Talata ce, kasuwarmu ta Wudil kuwa sai Juma'a take ci. Na tarar da Maikano mai gwanjo a rumfarsa, mutumin da a wurinsa na tufatar da 'ya'yana kaf. Ba komai a teburin sai ragowar manyan riguna. A bayansa ga sabuwar dilar kayan jarirai, ɗaure tamau da ƙarfe. Kowa ya san ƙa'ida: ba a fasa dila sai ranar kasuwa, a gaban masu zaɓen fari, matan nan na Utai da Kausani da ke sara su bi gidaje. In suka tarar an riga an sa hannu, sun daina yarda da kai.

Muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Na ce, "Malam Maikano, na san ba a yi. Amma yaron nan ba zai iya jiran Juma'a ba."

Ya miƙe ya datse ɗaurin, dila ta baje, warin gwanjon nan da Indo ke ƙyama ya cika rumfar. Muka duƙa muna tonawa har muka fito da 'yan riguna na auduga masu laushi, da safa, da wata hular saƙa da ba ta fi lemo girma ba.

Na wanke su da ruwan zafi, na busar a gefen murhu, na turara su. Da na sa masa, cif! Zuwa la'asar na taɓa tafin ƙafarsa na ji ɗumi. Radiyya ta fashe da kuka, na hau ta da faɗa, alhali nima hawayen nake.

Ya kai suna, aka raɗa masa Abdulbaƙi. Indo da kanta ta riƙa zagaye da shi cikin hular nan tana nuna wa mata. Ni da bakina ba ya shiru, ran nan na kama shi.

Bayan arba'in na soya waina na kai wa Maikano. A hanya na ji labarin cewa waccan Juma'ar matan sun juya masa baya, rabinsu har yau ba su dawo ba. Na ce, "Malam, na ja maka asara. Me ya sa ka yarda?"

Ya daɗe yana ninke wata riga kafin ya ɗago.

"Nima matata ta taɓa haifar bakwaini, Hajiya. A lokacin ma dila tana nan a bayana, na ce a bari sai Juma'a. Yaron bai kai ba."

Ya ajiye rigar.

"Yaya ƙafar yaron, da ɗumi?"

Na ce da ɗumi, Malam, Allah ya saka da alheri. Ya ce alhamdulillahi.