Agogon Barga

Hedley, dattijon da ke kula da gidan Thornbeck, na saukowa daga hasumiyar agogo da gwangwanin mai a hannu sai ya yi kiciɓis da Lucian Voss, shugaban makaɗan da aka ɗauko daga Landan, tsaye a ƙofar barga kamar an dasa shi.

"Kai ne mai wannan masifar?" in ji Voss, yana nuna sama da siririyar sandarsa. "Jiya muna gwaji, mawaƙiyata na tsakiyar mutuwa, sai ƙau! ƙau! Duk kwatan awa sai ya tsoma mana baki. Yau ka kashe shi."

"A kashe wa?" Hedley ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan agogon ya girmi kakan kakanka, yaro. Shugabanni shida aka yi kafin kai, ba wanda kunnensa ya tsinke."

"Su kurame ne."

"To kai ka toshe naka."

Shekara bakwai ke nan da Uwargida Rosalind ta buɗe gidan Thornbeck ga masu opera, wasan nan da ake yin komai da waƙa, har mutuwa. Duk bazara mutanen birni su cika babban zauren kakanninta, su tattake ciyawar da Hedley ya shekara yana lallaɓawa. Duk ya haɗiye. Amma agogo? Shekara arba'in da ɗaya yana hawa matakala saba'in da biyu duk Litinin ya murɗa shi, kamar yadda ubansa ya yi. Haƙoran agogon sun cinye, mutumin da ya san gyaransa ya daɗe a kabari, abin da ke riƙe da shi kawai shi ne bai taɓa tsayawa ba.

Sai ga Uwargida ta ratso tsakar gida da doguwar riga koriya, tana ɗage bakinta kada ya taɓa laka.

"Hedley, don Allah. Awa huɗu ne kacal."

"Ranki ya daɗe, in ya tsaya ba zai tashi ba. Kuma kin manta abin da aka rubuta a..."

"Ko agogo ko ni," Voss ya katse shi. "Mutum ɗari uku sun zo jin waƙa, ba kukan tsohon ƙarfe ba. Motata na nan a bakin ƙofa."

Uwargida ba ta iya haɗa ido da Hedley ba. Yarinyar da ya goya a wuya ya hau da ita ta ga ƙararrawa tana 'yar shekara biyar, ita ce ta ce, "Ka tsayar da shi."

Sauran maganar da ke bakinsa ya mayar ciki. Tunda ba a son ji, ai shi ke nan.

Ya sake hawa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya daɗe yana kallon lilon agogon na kai da kawowa, sa'an nan ya sa tafin hannu ya tare shi. Biyar saura minti goma. Shirun da ya biyo baya ya ba shi tsoro, wallahi sai da ƙwalla ta zo masa.

Shida da rabi aka fito dogon hutun tsakiyar wasa. Maza da baƙaƙen kwat, mata da duwatsu masu daraja a wuya, suka bazu a filin har bakin tafki, aka shimfiɗa barguna, aka buɗe kwandunan kifi mai sanyi da giya. Rana ba ta da niyyar faɗuwa. Hedley ya zauna a kan baro yana kallonsu. A bayan kowane tikiti, tun shekarar farko, an rubuta cewa a koma zaure idan agogon gida ya buga takwas. Masu zuwa duk shekara sun saba, har alfahari suke yi da barin waya a mota.

Takwas ta yi, ta wuce. Ba wanda ya motsa. Wani mai tumbi ma ya kishingiɗa ya rufe fuska da hula.

Voss ya fito a guje, jelar kwat ɗinsa na tashi. "Ina mutane? Makaɗa sittin na zaune suna kallon kujeru!"

"Suna jiran kukan tsohon ƙarfe," in ji Hedley.

"Ka sani! Mugun tsoho, ka sani ka yi shiru!"

"Na buɗe baki, wani mai sanda ya rufe min."

Uwargida ta iso tana haki. "Hedley, tashe shi. Na roƙe ka."

Ya hau, ba don su ba. Ya ɗiga mai, ya tura lilon a hankali yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya tsaya. Ya sake. Sau tara yana turawa. A na ƙarshe wani abu ya yi ƙas a ciki, ɗan guntun haƙorin tagulla ya faɗo kusa da takalminsa. Ya ɗauka, ya sa a aljihun ƙirji.

Daga ƙasa Voss na ta zabga ihu, wai in ya ga dama ya buga da kansa.

Hedley ya ɗauko guduma daga akwatin ubansa, ya daki ƙararrawar sau takwas. Ta taga ya ga filin ya motsa, ana naɗe barguna, ana kakkaɓe riguna, aka yi ta kwarara cikin zaure. Ba wanda ya ɗaga kai. Uwargida ce kaɗai ta tsaya ta dubi hasumiyar, ita ma ta shige.

Bai sauka ba. Ya zauna a kan akwatin, ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a gwiwa. Jim kaɗan masu goge suka fara, sautin na fitowa ta dogayen tagogin da aka bari a buɗe saboda zafi. Mako uku yana jin gwajinsu, ya san wasan kamar yunwar cikinsa. Ya san inda makaɗa ke yin tsit, mawaƙiyar ta rage ita kaɗai, muryarta siririya kamar zare.

Tara saura kwata daidai, lokacin da agogon ya saba bugawa, mawaƙiyar ta kai wurin. Tun da aka gina Thornbeck ba a taɓa jin hasumiyar nan ta yi shiru don wani baƙo ba, sai yau.

Hedley ya miƙe, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gudumar.