Sarkin da Kawu Kuo Ya Hana wa Babban Baƙi

Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, na ga yara masu kunnen ƙashi iri-iri, amma ban taɓa gamuwa da mai taurin kai kamar Kawu Kuo ba. Mu biyu marigayi Malaminmu ya damƙa wa aikin mayar da nassoshin da muke karantawa a haikali zuwa Turanci, saboda jikokinmu da ke ƙetare, waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa da rubutunmu ba. Ni ce mai Turanci, shi ne masanin tsohon rubutu. Malam yana kan gadon mutuwa na yi masa alkawari cewa ranar da zai cika shekara da rasuwa littafin zai kasance a hannun mutane. Ga ranar ta matso, masu maɗaba'a a birnin Tainan sun dame ni da waya, mu kuwa muna nan mun cije a kan baƙi guda.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A Turanci, in sarauta ta zo manne da sunan mai ita, da babban baƙi ake fara ta. Littafin cike yake da sarakuna, kowannensu na sa masa nasa. Sai Kawu Kuo ya bi da jan alƙalami ya ƙasƙantar da guda ɗaya duk inda ya fito, wato sarkin nan da ya kulle ubansa a kurkuku, ya hana shi abinci har ya mutu, don ya hau gadon mulki.

"Kawu, wannan ba lada ba ne da ake rabawa ga masu hali," na ce masa. "Ƙa'ida ce. Ko a ba kowa, ko a hana kowa."

"Malama Liao, ke Turanci kika sani," in ji shi. "Mu a da, in za mu rubuta sunan babba, gurbi muke bari kafin sunan. Rusunawa ce a kan takarda. Wannan babban baƙin naki shi ne gurbin. Ni in rusuna wa wanda ya kashe ubansa da yunwa? Sai dai bayan raina."

"Ai nassin ya ce ya tuba daga baya."

"Ya tuba bayan tsoho ya mutu. Tuban muzuru!"

Na gyara, ya sake ɓatawa. Na kawo masa littattafan ƙa'ida, ya ɗora kofin shayinsa a kansu. Na ce to a mayar da baƙaƙen duka sarakunan ƙanana mu huta, ya ce ina so in ci mutuncin mutanen kirki saboda ɗan banza ɗaya. Abin haushin, ba dama in tura aikin a bayan idonsa. Ya girme ni, ya riga ni shiga haikalin, kuma sai ya buga hatiminsa masu maɗaba'a za su karɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawan jinina ya motsa.

Kowa kuma ya san ba da sarkin yake ba. Ɗan Kawu Kuo tilo, Yao-min, ya sayar da gidansu na gado a garin Lukang lokacin da tsohon yake kwance a asibiti, ya kwashi iyalinsa ya tafi Kanada. Tun daga nan Kawu Kuo bai ƙara ambatar sunansa ba. Yanzu kuma Yao-min ya bugo wa Yaya Bi-yun, mai kula da girkin haikali, ya ce zai zo taron cikar Malam shekara da rasuwa tare da 'ya'yansa biyu. Da aka gaya wa tsohon sai ya ce shi bai san mai wannan suna ba.

Yaya Bi-yun ce ta gaji da mu. Wata safiya ta dire farantin gwaiba a tsakaninmu, ta ce, "Kun ishe ni, ku biyun nan. Aikin wa kuke yi? Na Malam. To ku tashi ku tambaye shi mana."

Ni da na yi shekaru ina koya wa yara bin ƙa'ida, wai yau katako ne zai yanke mini hukunci. Amma ba ni da zaɓi. Na ce na yarda, duk abin da ya faɗo shi ke nan, ko da littafin zai fito da tabo.

Muka tsaya gaban allon sunan Malam. Kawu Kuo ya kunna turaren tsinke, ya ɗauko katakan tambaya, 'yan biyun nan masu siffar jinjirin wata. In ɗaya ya kife ɗaya ya yi rigingine, an yarda. In duka suka kife, an ƙi. In duka suka yi rigingine, wanda ake tambaya dariya yake yi. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, saboda haka raɗarsa har tsakar gida ake jin ta.

"Malam, ni ne Kuo Tien-lai. Wannan sarki mai kashe uba, a ba shi babban baƙi?"

Ya saki katakan. Duka suka kife.

Na ce, "To, Kawu, ka ci. Kawo hatimin."

Bai motsa ba. Ya zura wa katakan ido kamar sun zage shi.

"Bai ji tambayar da kyau ba," in ji shi. "Dama tun yana da rai sai an maimaita masa."

Ya sunkuya da kyar ya kwaso su. "Malam, wanda ya yi laifin yana yaro nake nufi. Miyagun abokai ne suka zuga shi. A ba shi?"

Suka sake kifewa.

"Haba Malam!" Muryarsa ta ɗaga. "Ai ya tuba! Kai da bakinka ka karanta mana wurin. Ya zo da ƙafarsa, ba wanda ya jawo shi. Mutum ya taso daga uwa duniya, sai a rufe masa ƙofa? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar!"

Na buɗe baki in tuna masa cewa wata da watanni ni nake faɗar haka yana ce mini tuban muzuru. Yaya Bi-yun ta taka mini ƙafa, sai na haɗiye maganata.

Ya jefa na uku. Duka suka yi rigingine.

"Dariya ma kake yi mini," in ji shi, yana share ido da bayan hannu.

Ya jefa na huɗu, suka kife kamar da gayya. Kawu Kuo ya daɗe yana kallonsu. Can sai ya miƙa sandarsa a hankali, ya sa bakinta ya birkice guda ɗaya. Ni na gani, Yaya Bi-yun ta gani, ta ɗaga kai tana duba rufin ɗaki.

"Kun gani ko? Ya yarda," in ji shi. "Ki sa wa yaron baƙinsa, Malama Liao. Ko'ina. Kada ki tsallake ko ɗaya, na san halinki da gaggawa."

Ni ce ma mai tsallakewa! Na danne zuciyata na miƙa masa takardun, ya buga hatimi. Ina tattara kayana zan ruga maɗaba'a sai ya riƙo hannun rigata, ya yi irin raɗar nan tasa da kowa ke ji.

"Malama, su yaran nan biyu masu zuwa ba sa jin maganarmu. Yaya ake cewa 'kun ci abinci?' da Turanci?"